Tambayoyi da Amsoshi Kan Gyaran Jikin Faiba da Sake Fentin Motar Tsere a Sakkwato

Tun da samarin garin nan suka shiga sha'awar motocin tsere, suka fara cire murfin inji da bamba da madigadin ƙarfe suna maye gurbinsu da na faiba domin mota ta rage nauyi, tambayoyin da ake kawo mini a gareji sun zama kusan iri ɗaya. Wani yakan zo da bambar da ta dare gida biyu, wani da murfin injin da fentinsa ya yi ƙuraje wata guda bayan fesawa, wani kuma da ɓacin rai domin an karɓi kuɗinsa an shafe masa tsaga da fila, wato ƙullun nan da ake cike lotsawar jikin mota da shi, ta kuma sake bayyana tun kafin mota ta yi fita uku. Na tara tambayoyin a nan tare da amsoshin da nake bayarwa, ina la'akari da zafin Sakkwato da ƙurar hunturunta, domin umarnin da ke rubuce a jikin gwangwanayen kayan aikin nan an tsara shi ne don ƙasashen da yanayinsu bai yi kama da namu ba.

Malam, mece ce faiba, kuma me ya sa masu tsere suke son ta?

Faiba haɗi ce ta abu biyu: siraran zaruruwan gilashi, da wani ruwa mai danƙo da ake kira rezin, wanda yake daskarewa ya yi tauri idan an zuba masa hadina, wato sinadarin da ke sa shi kamewa. Zaren ne ke jure ja da lanƙwasa, rezin kuwa aikinsa shi ne ya riƙe zaren wuri ɗaya ya ba shi siffa, saboda haka duk wanda ya kaɗaita a cikinsu ba shi da wani amfani a jikin mota. A samansu akwai wata fata mai sulɓi da ake kira jelkot, wadda kaurinta bai cika wuce rabin milimita ba, ita ce ido ke fara gani idan an ciro sabon fanel daga mazubinsa.

Dalilin son ta shi ne rashin nauyi da sauƙin siffantawa. Idan aka ɗauki ƙarfe da faiba masu girma ɗaya, ƙarfen ya ninka faibar nauyi sau 4 ko fiye, kuma ko da yake dole fanel ɗin faiba ya fi na ƙarfe kauri, ragin nauyin da ake samu ba kaɗan ba ne. Ba ta yin tsatsa, sannan ƙaramin gareji yana iya zuba ta a kowace irin siffa ba tare da manyan injinan matse ƙarfe ba. Abin ya daɗe a duniyar motoci. Kamfanin Chevrolet na Amurka ya fitar da Corvette da jikin faiba a 1953, kamfanin Lotus na Ingila kuma ya nuna Elite a 1957, wadda hatta ƙashin jikinta da faiba aka gina shi. Daga 1981, lokacin da McLaren ya shigo da ƙashin mota na zaren kabon cikin gasar Formula 1, manyan gasanni suka karkata can, amma faibar gilashi ta ci gaba da zama abin hannun masu ƙaramin ƙarfi saboda arha da sauƙin gyara.

Fanel bitan unguwarmu ya ce zai sa mata wuta ya buga ta ta miƙe. In bar shi ya yi?

Kada ka bari. Ƙarfe yana lotsewa a buga shi ya dawo, amma faiba tsagewa take yi, kuma kowane bugun guduma ƙarin karya zaren cikinta ne. Wutar walda kuwa tana ƙona rezin ta bar zaren tsirara, idan ma ba ta kama fanel ɗin gaba ɗaya ba. Ƙwarewar mutum a ƙarfe abar girmamawa ce, sai dai wannan sana'a ce daban da kayan aikinta daban.

Ta yaya zan gane iyakar ɓarnar da aka yi?

A ciro fanel ɗin a wanke shi da ruwa da sabulu ciki da waje, a bar shi ya bushe sarai, sannan a fara dubawa daga ciki, inda babu fenti, domin a nan ne gaskiyar raunin take. Duk inda faiba ta yi fari-fari kamar an barbaɗa gari a cikinta, zaren ya rabu da rezin, ko da daga waje ba a ga komai ba. Sai a ɗauki kwabo ko bayan ƙaramin sufana a riƙa ƙwanƙwasawa a hankali: lafiyayyen wuri yana ba da sauti mai kaifi, wurin da sassansa suka ɓare da juna kuma yana ba da sauti dusashe kamar an daki kwali. A zagaye duk wurin da ya ba da irin wannan sauti da alƙalami. Sau da yawa tsagar da ake gani mai tsawon ɗan yatsa takan kasance a tsakiyar raunin da ya kai faɗin tafin hannu.

Akwai kuma tsaga mai kama da saƙar gizo, wadda ke bazuwa daga tsakiya ɗaya. Yawanci dutse ne ya doki fanel ɗin daga ciki, musamman a saman taya, kuma duk wanda ya taɓa gudu a hanyar burji a wajen gari ya san yadda taya ke harba tsakuwa. Irin wannan tsaga takan tsaya a jelkot, amma ita ma sai an goge ta har an daina ganin ta.

Me zai hana a cike tsagar da fila kawai a fesa fenti? Ai ya fi sauri da arha.

Ƙanena, wannan ita ce tambayar da na fi damuwa da ita, domin mafi yawan aikin da ke zuwa hannuna gyaran irin wannan gyara ne. Fila ba ta da zare a cikinta. Rezin ce da aka cuɗa da garin ma'adini domin ta yi laushin gogewa, aikinta kuma daidaita fuska ne kawai, kamar yadda yaɓe yake a jikin bango. Idan bulo ya tsage aka bi shi da yaɓe, kowa ya san abin da damina za ta nuna. Motar tsere kuwa tana girgiza fiye da motar gida, iska tana danna murfinta a kan gudu, jikinta yana murɗawa a kwana, saboda haka gefuna biyu na tsagar suna ci gaba da motsi a ƙarƙashin fila har su yanka ta, su yanka fentin da ke samanta. A lokacin nan an yi asarar kuɗin fila da na fenti da na mai fesawa, tsagar kuma ta ƙara tsawo. Zaren da ya tsinke ba ya haɗuwa sai an ɗora masa sabon zare da zai ratsa ta kansa.

To, yaya ake gyaran tsaga yadda ya kamata?

Farko a goge wurin da asiton, wani ruwan sinadari mai narkar da maiko, domin a cire maiko da kakin goge mota, kuma a yi haka kafin a taɓa samfefa, don idan aka fara gogewa a kan maiko, cikin zaren za a tura shi. Sai a huda ƙaramin rami a kowane ƙarshen tsagar domin ta daina tafiya. Daga nan a daidaita gefunan biyu su koma yadda suke, kuma abin da ya fi shi ne a yi wannan daidaitawa alhali fanel ɗin yana ɗaure a jikin mota, a riƙe gefunan da ƙananan sillayen ƙarfe da sukurori daga waje, sannan a ciro shi. Na sha ganin gyara mai ƙarfi da kyan gani wanda ya ƙi shiga mazauninsa, saboda an yi shi a kan tebur fanel ɗin yana karkace.

Sannan a zo ga aikin da ya fi kowanne muhimmanci, wato fiƙe gefunan. Ana amfani da giranda da samfefa mai kaushi, wato mai lamba 40 zuwa 80, a zaftare kowane gefe ya yi gangare a hankali, kamar yadda ake fiƙe bakin wuƙa. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce faɗin gangaren ya ninka kaurin fanel sau 12, wato idan kaurin milimita 3 ne, a fiƙe kimanin milimita 36 a kowane gefe. Hikimar ita ce sabon rezin ba ya narkewa cikin tsoho, manne masa kawai yake yi, saboda haka gwargwadon faɗin wurin da suka haɗu, gwargwadon ƙarfin gyaran.

Bayan an share ƙura an sake shafa asiton, sai a shirya tabarmar faiba, wato guntayen zaren gilashi da aka manne suka zama kamar tabarma, tun kafin a haɗa rezin. A yage ta da hannu maimakon a yanka da almakashi, domin yagaggen baki ya fi sajewa. A yi gutsattsari masu bambancin girma, ta yadda gefunansu ba za su taru a layi ɗaya ba. Tabarma mai nauyin giram 450 a murabba'in mita tana ba da kaurin kusan milimita 1 a kowane shimfiɗi, don haka fanel mai milimita 3 yana buƙatar shimfiɗi uku ko huɗu. A fara shafa rezin a jikin fanel, a ɗora tabarma, a riƙa dannawa da bakin buroshi kamar ana daka, ba a ja kamar mai fentin bango, har farin tabarmar ya ɓace ta zama garai-garai. Duk farin ɗigon da ya rage iska ce, kuma sai an kore ta da buroshi ko ƙaramar rola mai tsaga-tsaga. Tabarma takan sha rezin da ya ninka nauyinta sau 2 zuwa 2 da rabi. Abin da ya wuce haka nauyi ne kawai da saurin karyewa, duk da cewa masu koyo suna ganin yawan rezin shi ne ƙarfi.

Ni dai na fi son a yi gyaran ta fuska biyu. A fara da ciki, idan ya daskare a kwance sillayen ƙarfen, a fiƙe waje, a shimfiɗa masa nasa zaren, a kuma cike ramukan sukurorin da rezin da zare. A ciki ana iya rufewa da saƙaƙƙen ƙyallen faiba guda domin ƙarin ƙarfi, amma a waje tabarma ce ya kamata ta zama ta ƙarshe, domin saƙar ƙyalle tana son bayyana ta cikin fenti.

Idan wani yanki ya ɓalle ya ɓata fa?

Sai a yi masa madogara. Idan wurin shimfiɗaɗɗe ne, ana lanƙwasa siririn falan alminiyam ko kwali mai ƙarfi ya bi siffar wurin, a lulluɓe shi da salatif mai sheƙi ko a shafe shi da kaki domin kada rezin ya kama shi, a ɗaure daga waje, a yi shimfiɗin daga ciki. Idan kuwa kusurwa ce mai lanƙwasa da yawa, hanyar da ta fi ita ce a nemi mai irin fanel ɗin lafiyayye a roƙe shi aro, a shafe wurin da kaki sosai, a zuba ƙaramin mazubi a kansa, a dawo a yi amfani da mazubin wajen fitar da yankin da ya ɓata.

Na ji ana cewa akwai rezin iri-iri. Wanne zan saya?

Iri biyu ne suka fi shafar mu. Akwai foliyesta, wanda da shi ake yin mafi yawan fanel ɗin da ake sayarwa, shi ne mai arha, mai ƙarfin wari, kuma ya wadatar a yawancin gyare-gyare. Akwai kuma ifoksi, mai tsada, wanda ya fi ƙarfin mannewa kuma ba ya ƙanƙancewa sosai idan ya daskare. Abin kiyayewa shi ne ifoksi yana kama jikin foliyesta, amma foliyesta ba ya kama jikin ifoksi da kyau, don haka fanel ɗin zaren kabon, ko wanda aka san da ifoksi aka yi shi, da ifoksi ake gyara shi. Wanda zai yi aiki da ifoksi ya fi masa ya nemi saƙaƙƙen ƙyalle, domin abin da ke riƙe zaren tabarma an yi shi ne ya narke a foliyesta.

A kuma tabbatar fanel ɗin faiba ne tun farko. Bambar motocin zamani da yawa roba ce, ana gane ta da sulɓin cikinta da rashin zare, kuma rezin ba ya zama a jikinta. Wajen saye kuma a duba, domin kayan nan daga nesa suke zuwa mana, kuma foliyesta ba ya wuce kimanin wata shida da kyansa ko a wuri mai sanyi. Wanda ya yi kauri kamar zuma ko ya fara gudaji a bar wa mai shago kayansa.

Rezin yana daskare mini a cikin kofi kafin in gama shafawa. Ina kuskuren yake?

Kuskuren yana wajen lokaci da yawan abin da kake haɗawa. Masu yin rezin suna auna shi ne a zafin da bai wuce digiri 25 ba, inda yakan ba mutum minti 15 zuwa 20 kafin ya fara kamewa. Kowane ƙarin digiri 10 yana rage wannan lokaci da kusan rabi, mu kuwa daga Maris zuwa Mayu zafin rana yana haura digiri 40, a ƙarƙashin rumfar kwano ma ya fi haka. Ke nan abin da Bature zai yi a minti 20, kai minti 5 ko 6 gare ka.

Hadinar foliyesta ana zuba ta ne daga kashi 1 zuwa kashi 2 cikin 100 na rezin. A bazarar Sakkwato a tsaya a kashi 1, wato mililita 2 a giram 200 na rezin, kuma a auna da sirinji, kada a dogara da ido ko murfin kwalba. Kada kuma a yi ƙasa da kashi 1 da nufin samun ƙarin lokaci, domin rezin zai ƙi nuna, ya zauna da taushi har abada. Abin da za a yi shi ne a haɗa kaɗan-kaɗan, a zuba a faffaɗan mazubi maimakon kofi mai zurfi, tun da rezin da kansa yana fitar da zafi yayin daskarewa, kuma idan ya taru wuri ɗaya zafin yana ƙara masa sauri. A ajiye galan ɗin a ɗaki mafi sanyi. Ni da yarana mukan yanka tabarma mu shirya komai da yamma, mu fara shimfiɗi da zarar gari ya waye bayan sallar asuba, kafin ƙarfe tara mun wanke buroshi. Shi kuwa ifoksi ba a taɓa ma'auninsa ko kaɗan, a bi abin da aka rubuta a jikinsa, a nemi hadina mai jinkiri.

Bayan gyaran ya yi tauri, zan iya fentin sa washegari?

Taurin da hannu ke ji ba shi ne ƙarshen nuna ba. Foliyesta yana ci gaba da ƙanƙancewa kwanaki bayan ya daskare, musamman idan zafi ya taɓa shi, kuma idan an riga an yi fenti, sai a wayi gari a ga zanen zaren da iyakar gyaran sun fito a fuskar fentin kamar jijiya a bayan hannu. A nan ranar Sakkwato ta zama mana alheri, domin abin da wasu ƙasashe ke kunna tanda su yi, mu kyauta muke samun sa. Bayan kwana ɗaya a inuwa, a fitar da fanel ɗin rana na kwana uku zuwa mako guda, a tallafe shi da katako yadda ba zai lanƙwashe ba, ko a mayar da shi jikin mota a bar ta a rana. Zafin zai gama nunar da rezin, ya kuma kumbura duk iskar da ta ɓuya kusa da fuska, sai a fasa wurin a cike shi tun fenti bai hau ba.

Da me ake cire tsohon fenti?

Da samfefa kawai, mai lamba 80 sannan 180, a tsaya da zarar an isa jelkot. Ruwan cire fenti da ake amfani da shi a ƙarfe yana cin rezin, feshin yashi kuma yana rarake fuskar. Idan tsohon fentin lafiyayye ne, bai tsage ba bai kumbura ba, ya isa a dusashe shi a ɗora sabo, sai dai a tuna cewa kowane rufi nauyi ne a motar da aka kashe kuɗi domin a rage mata nauyi.

Yaya ake shirya fuskar kafin launi?

A goge gyaran da lamba 80 a kan katako mai faɗi, domin tafin hannu yana bin kwari da tudu maimakon ya baje su. Yanzu ne fila take da gurbi, siririya, kada ta wuce milimita 3, kuma idan ramin ya fi haka zurfi, zare ake ƙarawa. Hadinar fila kimanin kashi 2 cikin 100 ce, idan ta yi yawa takan ɓullo ta ɓata launi, musamman fari. A bi da lamba 180, a toshe ƙananan ƙofofin da ke kama da hudar allura, a fesa faraimar ifoksi, wato fentin share fage da ake yi kafin launi, ta rufe faibar, sannan faraima mai kauri ta cike sawun samfefa. A yayyafa baƙin fenti sama-sama a goge da lamba 320, duk inda baƙi ya rage kwari ne. A ƙare da lamba 400 zuwa 600.

Abu ɗaya nake hana yarana da babbar murya, shi ne gogewa da ruwa a kan faiba tsirara ko a kan fila. Dukansu suna shan ruwa su riƙe, fenti ya rufe shi a ciki, rana ta tafasa shi, sai ƙananan ƙuraje su feso ko'ina. Sabon fanel kuma yana zuwa da kakin mazubi a jikinsa, sai an wanke shi da ruwan cire maiko kafin samfefa.

Wane lokaci ne ya fi dacewa da feshi a Sakkwato?

Kowane lokaci da matsalarsa. A hunturu zafi yana sauka, abin da fenti ke so ke nan, amma ƙura tana rataye a iska ko da ba a ganin ta, kuma faiba tana da wani hali da ƙarfe ba shi da shi: idan an goge ta da ƙyalle a busasshiyar iska takan tara irin lantarkin nan da ke sa riga ta riƙa ƙara a jiki, sai ta jawo ƙura kamar maganaɗisu. Maganin shi ne a yi feshi a rufaffen ɗaki mai fankar fitar da iska da matata a mashigarta, a yayyafa ruwa a ƙasa, a goge fanel da ruwan da ke kashe wannan lantarki, a bi da ƙyalle mai danƙo a hankali. A damina ƙura tana kwantawa, sai dai danshi yana taruwa a tankin kwamfireso, don haka a zubar da ruwan tankin kowace safiya a kuma sa matatar ruwa kusa da bindigar feshi. A bazara kuwa fenti yana bushewa a iska kafin ya sauka, fuskar ta fito da kaushi ko ta yi kamar ɓawon lemo, saboda haka a nemi tina, wato ruwan tsinka fenti, da hadina masu jinkiri, a yi aikin da sassafe, kuma kada a fesa a kan fanel ɗin da ya sha rana bai huce ba. A ganina ƙarshen damina, kafin iskar hunturu ta taso, shi ne lokacin da ya fi sauƙi.

Wajen feshin kansa, bakin bindiga mai milimita 1.3 ko 1.4 ya dace da launi da kiliya, wato rufin ƙarshe marar launi mai sheƙi, mai 1.8 kuma da faraima. A riƙe bindigar da tazarar santimita 15 zuwa 20, kowane layi ya rufe rabin wanda ya gabace shi, a ba kowane rufi minti 10 zuwa 15 ya sha iska. Wanda ya yi gaggawar ɗora rufi a kan ɗanye ya kulle tina a ciki, daga baya ta huda kiliyar ta fito.

Ina son baƙin launi. Akwai matsala?

Alhaji, zaɓi naka ne, amma ga shawarata. Baƙin fanel a tsakar ranarmu yana iya haura digiri 70, kuma a irin wannan zafi foliyesta na gama-gari yana fara yin taushi, zanen zare ya fito, siririn murfi ya sauya siffa. Baƙi kuma ba ya rufa wa gyara asiri ko kaɗan. Fari da sauran launuka masu haske sun fi dacewa da ƙasarmu. Ga motar da ake sa ran za ta riƙa samun gogayya, fenti mai launi ɗaya marar ƙyalli ya fi sauƙin faci, wasu ma sitika suke lulluɓawa a kan faraimar da aka goge, su sabunta yankin da ya lalace kawai.

Jikina yana ƙaiƙayi bayan aiki, warin kuma yana sa ni ciwon kai. Haɗari ne?

Haɗari ne, kuma ina roƙon iyayen gida su kula da yaran da ke koyo a hannunsu. Ƙaiƙayin daga ƙurar gilashi ne, a sa riga mai dogon hannu da tabarau da abin rufe hanci mai kyau, a yi wanka da ruwan sanyi ba tare da cuɗa da ƙarfi ba, kuma kada a haɗa wankin kayan aiki da na iyali. Warin rezin yana buƙatar wuri mai iska da takunkumi mai matatar gawayi. Fenti mai haɗi biyu ya fi su duka illa, domin hadinarsa tana ɗauke da sinadarin da ke jawo asma mai ɗorewa, kuma ƙyalle ko rawani a hanci ba ya tare shi. Abin da ya dace da shi shi ne takunkumin da ake turo wa iska mai tsabta ta tiyo.

Hadinar foliyesta kuwa ɗigo ɗaya a ido yana iya makantarwa. Idan ta fantsama, a wanke idon da ruwa mai gudana na aƙalla minti 15, a garzaya asibiti nan take. Kada a haɗa ta kai tsaye da sinadarin nan mai launin shuɗi-ja da ke hanzarta rezin, domin suna iya kamawa da wuta. Ragowar rezin a kofi a fitar da shi fili, nesa da tsummoki da tina, don yana iya yin hayaƙi. A sa safar hannu, saboda rezin da ya bushe a fata yana hana ruwan alwala isa gare ta, wanke shi da tina kuma yana fasa fatar.

Gyaran ya yi kyau, amma wajen ƙusoshi yana sake tsagewa. Me zan yi?

Wurin ɗauri shi ne inda duk girgizar mota ke taruwa. A ƙara shimfiɗi biyu ko uku daga ciki kewaye da kowane rami, a sa faffaɗan wosha da roba a tsakanin faiba da ƙarfe, a buɗa ramin ya ɗan fi ƙusar faɗi, kuma kada a ɗaure har faibar ta yi ƙara. Fanel ɗin da sai an danna shi da ƙarfi kafin ramukansa su haɗu da na mota zai tsage ko ba jima ko ba daɗe, gara a toshe ramukan a huda sababbi. Fil ɗin murfin inji yana buƙatar falan ƙarfe a ƙarƙashinsa, domin murfin da ya tashi a kan gudu yana rufe wa direba gani. Kusa da salansa a manna abin tare zafi na alminiyam a bar tazara, a cikin madigadi kuma a liƙa siririyar roba ta tare tsakuwa.

Yaushe ne gyara ba ya da amfani, sai dai sabo?

Idan wuta ta taɓa fanel har zaren ya fito fari, ko mai da giris sun jiƙa shi sun ratsa ciki, ko ƙwanƙwasawa ta nuna cewa wurin da ya ɓare ya kai kusan rabinsa, gyara zai ci kuɗi ya kuma bar ka da fanel mai nauyi. Haka nan wanda aka yi ta yi wa faci a kan faci. Ina ɗora fanel a sikeli kafin aiki da bayansa, kuma idan na ga nauyinsa ya doshi na ƙarfen da aka cire, nakan gaya wa mai shi gaskiya. A irin wannan hali tsohon yana da sauran amfani guda: a daidaita shi da fila har siffarsa ta dawo, a goge shi ya yi sulɓi, a shafe shi da kaki sau biyar ko shida, a zuba mazubi a kansa. Daga mazubin nan ana iya fitar da sabon fanel, a kuma fitar da na biyu a jingine a gareji domin ranar da za a buƙace shi, mazubin kuma a ajiye shi a inuwa a kife a kan katako domin kada zafi ya karkatar da shi.